Ƙaramar mesa mai zafin rai da na yi shekara uku ina kiwo

Ni malamin ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare da ke wajen Minna, kuma da yake ɗalibaina sun san ina tara ƙwari da ƙasusuwan dabbobi don koyarwa, duk wani abin mamaki da aka tsinta a daji wurina ake kawowa. Wata Asabar a ƙarshen damina, mahaifin wani ɗalibina ya yi sallama da buhu ɗaure a bayan kekensa, ya ce da ni: "Malam, muna haƙar gafiya a gindin suri muka ci karo da wannan. Yara sun ce kasa ce, ni kuwa na ga ba ta yi irin hucin kasa ba, shi ya sa na hana su kashe ta sai ka gani tukuna."

Ban sa hannu a buhun ba. Na juye shi a hankali cikin wata babbar roba mai zurfi, na ja da baya, domin a ƙasarmu kuskuren gane maciji yana iya kai mutum asibitin saran maciji na Kaltungo, idan ma ya yi sa'ar isa. Abin da ya faɗo a robar bai miƙe ba, bai nemi gudu ba, sai ya dunƙule wuri guda kamar gammo, ya cusa kansa can tsakiyar jikinsa. Wannan dunƙulewa ita ce alama ta farko, kuma saboda ita Turawa suka laƙaba wa wannan maciji sunan ƙwallo. Masana suna kiransa Python regius, ni kuwa ƙaramar mesa nake ce mata, don in bambanta ta da babbar mesa da kowa ya sani, wadda takan wuce mita huɗu har ta haɗiye ɗan akuya.

Yaran da suka ce kasa ce ba su yi wauta ba, domin su biyun gajeru ne masu kauri, kuma launinsu na ƙasa-ƙasa ne, amma kama da wane ba ta wane. Fatar kasa tana da kaushi, ba ta sheƙi, zanen bayanta kuma a jere yake kamar kan kibiya, ga kanta mai faɗi ƙwarai, kuma in an matsa mata takan kumbura jiki ta yi huci mai ƙarfi. Wadda ke gabana kuwa fatarta sumul take tana ɗaukar ido, baƙa-baƙa ce da manyan dabbare-dabbare masu ruwan zuma, cikinta fari. Da ta gaji da ɓuya ta fito da kai, na ga ƙaramin kai a kan siririn wuya, da wani layi mai haske da ya taso daga hanci ya ratsa ta saman ido, sannan a leɓenta na sama akwai jerin ƙananan ramuka waɗanda take jin ɗumin jikin ɓera da su ko da cikin duhu. Babbar mesa tana da baƙin tambari mai siffar mashi a saman kai, kuma ko jaririyarta faɗa take yi, ba ta dunƙulewa haka. Sai da na ga waɗannan duka sun haɗu na yarda cewa ba ta da dafi, kuma har yau ina gaya wa ɗalibaina cewa alama ɗaya ba ta isa mutum ya miƙa hannu ba.

Ban yi niyyar riƙe ta ba. Fartanya ta yanke ta a gefen jiki, kuma na cire mata kaska har bakwai da suka lafe a fatarta, sai na ce bari in yi jinyarta har raunin ya warke. Kafin ya warke an share dajin da aka samo ta an yi gonar doya, kuma na san duk inda na sake ta kusa da mutane sanda za ta sha. A gida ma ba a karɓe ta da daɗi ba. Mahaifiyata ta kira ni ta ce: "Kai yanzu da karatunka gardi za ka koma? Ka san abin da mutane ke faɗi a kan mai ajiye maciji a ɗaki." Na ba ta haƙuri, na mayar da akwatin wani ɗakin ajiya da ke bayan gida mai kwaɗo, ita kuma ta kafa mini sharaɗi ɗaya, cewa tunda na tsare dabba to in tuna da hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba.

Duk abin da na karanta yana cewa wannan maciji mai sanyin hali ne, shi ya sa ma ake fitar da dubbai daga Gana da Togo da Binin kowace shekara zuwa Amurka da Turai, inda ake kiwonsa a gidaje, har cinikinsa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan fataucin namun daji. A garin Wida na Jamhuriyar Binin akwai ɗakin bauta da irinsa ke yawo a sake, baƙi suna rataya su a wuya suna ɗaukar hoto. Tawa kuwa ba ta san da wannan labari ba. Bayan mako biyu ta daina dunƙulewa, ta koma lanƙwasa wuya da kai sara duk sanda na buɗe murfi, wani lokaci ma inuwata kawai za ta gani ta bugi gilashi da baki. Sau biyu ta kama ni a yatsa. Cizon bai fi yaƙushin kyanwa ba, jerin ƙananan huji ne da ke ɗan zubar da jini, kuma sabulu da ruwa da maganin ciwo sun wadatar, amma na koyi kada in fizge hannu, domin haƙoranta sun karkata ciki, fizgewa yana yaga fatar mutum ya kuma karya mata haƙori.

Na daɗe ina cewa mugun hali gare ta, kafin in gane cewa akwatin da na yi mata ne matsalar. Na sayi babban akwatin gilashi irin na kifi, na ajiye shi kusa da taga don in riƙa kallonta, ban sa mata komai a ciki ba sai kwanon ruwa da reshen itace. Dabba ce da ke wuni a ramin ɓera ko cikin suri, inda jikinta ke gogar bango ta kowane gefe, ba ta fitowa sai dare ya yi. Ni kuwa na ɗauke ta na ajiye a fili mai haske, ana ganinta ta ko'ina, ga wani ƙaton abu yana saukowa mata daga sama kamar shaho. Na sa kafinta ya yi mini akwatin katako mai tsawon mita ɗaya da ɗan ɗori, mai ƙofa ta gaba da ƙananan hujojin iska, na kife ƙananan tukwanen ƙasa biyu da na fasa musu baki, ɗaya a kowane gefe, na shimfiɗa ɓawon kwakwa da aka daddatsa a ƙasa. Tukunyar dole ta matse ta, domin da na fara sa mata babba ƙin shiga ta yi. Daga nan na yi kwana goma ban taɓa ta ba, ruwa kawai nake canzawa, kuma cikin wannan lokaci kai saran ya ragu ƙwarai.

Sai hunturu ya shigo ya koya mini abu na biyu. Na ɗauka tunda 'yar ƙasa ce, iskar garinmu ta dace da ita, na manta cewa cikin rami akwai danshi da ɗumi ko da waje ya bushe ƙayau. Wata rana na ga launinta ya dushe, idanunta sun yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa musu madara, faɗanta kuma ya dawo sabo. Saɓa za ta yi, kuma a wannan hali ba ta gani sosai, don haka duk abin da ya motsa abokin gaba ne a wurinta. Maimakon saɓar ta fita gaba ɗaya kamar an tuɓe safa, sai ta fita gutsi-gutsi, wata ta maƙale a wuya, wata a kan ido, wata kuma ta ɗaure bakin wutsiya. Na sayi ma'aunin danshi na ga abin da ke cikin akwatin bai kai kashi 30 cikin ɗari ba, alhali tana bukatar wajen kashi 60, har sama da haka a lokacin saɓa. Na sa ta cikin roba mai murfi da hujoji tare da jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi na rabin awa, tana ta kutsawa cikinsa har ragowar ta saluɓe. Ta kan ido ban taɓa da hannu ba, na bar ta ta fita da saɓa ta gaba, domin masu ƙoƙarin ɓamɓare ta sukan lalata idon. Tun daga nan nake jiƙa ɓawon kwakwar ta gefe guda idan iska ta bushe, in bar samansa a bushe, saboda kwanciya kan jiƙaƙƙen wuri tana ruɓar mata da fatar ciki.

Batun zafi kuwa yana da fuska biyu a wurinmu. Abin da ake so shi ne gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan kuma ya tsaya wajen 25 zuwa 27, ita ta zaɓi inda za ta kwanta, tunda jikinta ba ya samar da ɗumi da kansa. A daren hunturu, da yake ba a dogara da wutar lantarki, nakan cika jarka da ruwan zafi in naɗe ta da tsumma in jingina a bangon akwatin ta waje, ban taɓa sa ta a ciki ba, domin maciji yakan kwanta kan abu mai zafi har ya ƙone bai motsa ba. A watannin Maris da Afrilu kuma zafin ne abin tsoro, don ɗakin kwano yana iya kashe ta cikin yini guda, sai in sauke akwatin ƙasa kan siminti kusa da randa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙin cin abinci. Ta yi wata huɗu cur ba ta ci komai ba, ni kuma kullum sai in kai mata ɓera in riƙa kaɗa shi a gaban hancinta, wanda hakan ƙara firgita ta yake yi. Wani likitan dabbobi da na kai ta wurinsa ya duba bakinta ya ga babu kumfa ko majina, ya saurari numfashinta bai ji ƙara ba, ya ba ta maganin tsutsar ciki tunda daga daji ta fito, sannan ya ce: "Malam, ka sayi sikeli ka daina damunta. Irin wannan sukan yi watanni ba su ci ba, musamman da rani. In nauyinta bai faɗi sosai ba, ka ƙyale ta." Na riƙa auna ta sau ɗaya a wata da sikelin kicin, na ga daga giram 1,150 abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. Da ruwan farko ya sauka, na kai mata ɓera da daddare, na ɗumama shi, na miƙa da dogon hantsaki ba tare da kunna fitila mai haske ba, ta cafke shi nan take.

A kan ɓerayen ma na kusa yin babban kuskure, domin da farko na yi tunanin in riƙa ɗana tarko a rumbun maƙwabta. Ɓeran gida yana iya kasancewa ya ci guba, wadda za ta wuce cikin macijin, sannan ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda yana cikin abincinta a daji, shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, kuma mai kama shi da hannu kansa yake jefawa cikin haɗari. Yanzu fararen ɓeraye nake saya wurin mai kiwonsu don ɗakunan gwaje-gwaje, kuma ba na ba ta mai rai, saboda ɓeran da aka bari da macijin da ba ya jin yunwa yakan gwaguye masa baya. Ɗaya nake ba ta duk mako biyu, wanda kaurinsa bai wuce inda ta fi kauri ba, sannan in bar ta kwana biyu ban ɗauke ta ba, don sau ɗaya da na yi gaggawa ta amayar da shi, warin kuma ya kwana uku a ɗakin.

Sabawa da hannu ya zo a hankali. Kafin in ɗauke ta nakan wanke hannu don kada ta ji warin ɓera, in shafa bayanta da wata sanda mai lanƙwasa don ta san ba abinci ne ya zo ba, sannan in tallabo ta daga tsakiyar jiki ta ƙasa, ban taɓa kamo ta ta kai ko ta wutsiya ba. Na fara da minti biyar sau biyu a mako, kuma idan ta kai sara ba na mayar da ita nan take, nakan jira ta lafa tukuna, don kada ta saba cewa cizo ne ke mayar da ita tukunyarta. Bayan na gama nakan sake wanke hannu da sabulu, domin macizai suna ɗauke da ƙwayar Salmonela mai sa gudawa, kuma saboda haka ban yarda ƙananan yara su taɓa ta ba. Har yanzu ba ta zama irin waɗanda ake ratayawa a wuya ba, kuma ba na tsammanin za ta zama, don wadda ta girma a daji ba ɗaya take da wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo ba. In ban da harshenta, wato yadda take wurga shi a hankali idan ta natsu, babu wata alamar da take nuna ta san ni.

Irinta sukan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo, kuma ban san da wannan ba ranar da na karɓi buhun. A bara manomin nan da ya kawo mini ita ya sake zuwa da wata da ya tarar ta naɗe ƙwai shida a cikin rami, ya ce ko zan haɗa su biyu. Na roƙe shi muka hau babur tare muka koma gonar, muka mayar da ita kan ƙwanta, muka rufe bakin ramin da ciyawa, ya kuma yi mini alkawarin ba zai nome wannan kusurwa ba sai bayan wata biyu, lokacin da 'ya'yan za su fashe su watse.