Abin da shirin Derby ya koya mini a sashen wasanni

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya. Abokan aikina sun san cewa tun daga shirin tarihin sukuwar Derby ta Ingila zamana da Oga ya yi tsami, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Da aka raba jigogin tarihin wasanni, kowa ya ruga ga ƙwallon ƙafa da dambe, aka bar mini dawaki. Ban ji haushi ba, don a gidan da ake da barga na taso. Na zauna na tono labarin tun daga tushe. An fara Derby a filin Epsom a 1780, shekara ɗaya bayan tseren Oaks na goɗiyoyi, wanda aka raɗa wa sunan gidan wani basaraken Ingila, Earl na Derby na 12. Dokin da ya fara lashewa shi ne Diomed na Sir Charles Bunbury, wanda aka sayar wa Amurka a 1798 bayan an ɗauka ya gama amfani, ya je can ya zama uban zuriya. Mil ɗaya ake yi da farko, a 1784 aka mai da shi mil ɗaya da rabi. Sharaɗin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na shekaru: 'yan shekara uku kaɗai ke shiga. Doki sau ɗaya yake samun wannan dama a rayuwarsa, in ta wuce shi ke nan.

A kan wannan sharaɗi na gina rubutun gaba ɗaya, kuma tsakiyarsa labarin 1844 ne. A shekarar wani doki mai suna Running Rein ya zo na ɗaya, alhali ɗan shekara huɗu ne mai suna Maccabeus aka sauya wa suna. Duk mai kiwon doki ya san tazarar ƙarfi tsakanin ɗan uku da ɗan huɗu, kuma ya san haƙora ba sa ƙarya. Lord George Bentinck ya bi diddigin 'yan cacar da suka ƙulla abin, magana ta kai kotu, alƙali ya ce a kawo dokin a duba. Aka nemi doki aka rasa. Aka ba Orlando na Kanar Peel nasara. Na tabbata masu sauraronmu, waɗanda suka san buɗe bakin doki kafin ciniki, da sun ji daɗin wannan labari fiye da komai.

Ba su ji shi ba. Oga ya karɓi rubutun ya ce zai duba. Ranar Asabar sai na ji muryarsa a iska yana karantawa, da sunansa a matsayin mai bincike da gabatarwa. Ya cire 1844 ɗungurungum, wai mutanenmu ba ruwansu da shari'ar Turawa. A gurbinsa ya sa labarin nan na cewa Earl na Derby da Bunbury sun jefa kwabo don zaɓen sunan tseren, ya faɗe shi kamar yana wurin, bayan na rubuta a gefen takarda cewa hikaya ce da ake yawan faɗa. Sannan ya ƙara nasa: wai Derby ce mafi tsufa cikin manyan tsere biyar na Ingila. St Leger ta Doncaster ta girme ta, tun 1776 ake yin ta, kuma hakan na cikin shafi na biyu na abin da na ba shi.

Wani dattijo ya bugo waya ya gyara masa. A taron Litinin, a gaban kowa, Oga ya ce yaron da ya yi binciken ne ya kawo kuskure. Ranar Asabar ba a san da ni ba, ranar Litinin ni ne mai bincike. Na ce, "Ranka ya daɗe, a kawo takardar da na ba ka a duba." Ya ce ta ɓace a cikin tarkacen ofis. Ta bi sawun Running Rein ke nan, sai dai mu ba mu da alƙali. Manya suka ce in yi haƙuri, na gaba da kai ba a ja da shi. Na yi, amma daga ranar ban ƙara miƙa wa kowa rubutu hannu da hannu ba. Ta imel nake turawa, in sa wani a kwafi, kuma ina ba sababbin shiga shawarar su yi haka ko da Ogansu waliyyi ne.

Sauran darussan gajeru ne. Jigon da kowa ya guda shi ne ake barin ka ka yi shi yadda kake so, aƙalla har ya yi kyau. Mai sauraro ɗaya da ya san abu ya isa ya tona asirin shiri. Wanda ya yi shiru a taro ya zo yana ba ka haƙuri a wajen mai shayi, ka sha shayin kawai.

Kashi na biyu na shirin bai taɓa fita ba. A ciki akwai Emily Davison, mai fafutukar nema wa mata 'yancin zaɓe, da dokin Sarki George na Biyar ya banke a tseren 1913, da Shergar na Aga Khan da ya ci a 1981 da tazarar tsawon doki goma, aka sace shi a Ireland a 1983. Wanda ya gaji teburina, in yana so ya neme ni, zan ba shi, amma sai ya faɗi sunana a iska.