Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren da Sarƙa Ta Yi Ta Tsinkewa

Makon jiya na tsaya a inda malamina ya amince in fara tura lissafina ta intanet zuwa na'urar kwantam, wato kwamfuta mai aiki da dokokin ƙananan ƙwayoyin zarra, ta kamfanin D-Wave da ke Burnaby a Kanada. A 2019 ke nan, na'urar kuma 2000Q ce, mai kiyubit wajen 2,000 (ƙananan ma'ajiyar bayanai da kowanne ke ba da sifili ko ɗaya idan an karanta shi), tana aiki cikin sanyin da ya fi na sararin samaniya.

Sunan hanyar da na'urar ke bi, wato "annealing" (hucewa sannu a hankali), daga maƙera aka aro shi, shi ya sa ta kwanta mini a rai. Baba maƙeri ne. Idan yana son ƙarfe ya yi laushi, ba ya tsoma shi a ruwa, sai ya binne shi cikin toka ya huce sannu a hankali. Haka na'urar take lallaɓa kiyubit har su natsu a matsayi mafi ƙarancin makamashi, wanda shi ne amsar da ake nema.

Sai dai kowane kiyubit da shida kawai yake haɗe, lissafina kuwa yana buƙatar haɗi fiye da haka. Dole in ɗaura uku ko huɗu su zama sarƙa, su yi magana da murya ɗaya. Daren farko sarƙoƙin suka yi ta tsinkewa, wannan ya ce sifili, na kusa da shi ya ce ɗaya. Na ƙara ɗaure su tamau, sai ƙarfin ɗaurin ya danne ainihin lissafin, amsoshin suka zo babu tsinkewa amma ba daidai ba. Wallahi na ji abin har cikin raina.

Da asuba na kira Baba na zayyana masa.

"Ɗana, wutar ce ta yi yawa, ko kai ne ka yi gaggawa?"

"Duka biyun, Baba."

Na nemi ɗauri na tsaka-tsaki, na tsawaita lokacin hucewa daga mikirodaƙiƙa 20 zuwa 200 (mikirodaƙiƙa miliyan ɗaya ke yin daƙiƙa ɗaya). Sannan na gwada dabarar gyara kuskure da masana Pudenz da Albash da Lidar suka fitar a 2014: a rubuta kowane kiyubit sau uku, a sa na huɗu ya hana su saɓani, a ƙarshe a bi rinjaye. Kuskure ya ragu sosai, amma kiyubit huɗu na tafiya a aikin ɗaya, lissafina ya daina shiga na'urar. Yadda na rage shi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.