Ƙuri'ar jin ra'ayi ta waya da abin da akwati ya faɗa

Jiya a majalisarmu ta hira aka sake tayar da gardamar zaɓen 2023, wai ina waɗanda suka ce mana Peter Obi ya gama cinyewa? Ni dai na tuna lokacin da gidauniyar ANAP da kamfanin NOI Polls suka riƙa fitar da sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayi Obi na gaba, kuma ƙasan takardar akwai mutane da yawa da suka ce ba su yanke shawara ba ko suka ƙi amsawa, amma kanun labarai ba ruwansu da wannan, lambar da ta yi musu daɗi ita suke ɗauka su yi ta yayatawa.

Wadda kafar labarai ta Bloomberg ta wallafa ma ta manhajar waya aka yi ta. To don Allah tsohuwar da ke ƙauyen Gaya da rediyonta kawai, wa ya tambaye ta? Ita ma fa ƙuri'a ɗaya gare ta kamar mai iPhone a Legas.

Ranar 25 ga Fabrairu akwati ya yi magana, Tinubu miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5 kuma ya kwashe Kano.

Su kuma gidajen yaɗa labarai, kowa da gwaninsa, tashar TVC da jaridar The Nation an san alaƙarsu da Tinubu, marigayi Dokpesi mai tashar AIT ɗan PDP ne. Ni yanzu kafin in saurari labarin siyasa sai na fara tambayar gidan waye.