Commodore 64 ɗin kawu ta tashi

Alhamdulillahi, Commodore 64 ɗin nan, tsohuwar kwamfutar da kawuna ya bar min, ta kawo wuta. Ƙirar 1982 ce, ƙwaƙwalwarta kilobait 64 kacal, amma da shuɗin allon nan ya fito da READY sai da tsigar jikina ta tashi.

Ban yarda na jona tsohuwar na'urar wutarta ba, domin in ta tsufa takan zarce volt 5 ta ƙone ƙwaƙwalwar. Sabuwa na saya. Na kwance kwamfutar, na bi lungu-lungu da buroshin haƙori, na goge maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka allo baƙi ƙirin, sai da na canza PLA, wani ɗan guntun lantarki (chip) da ke cikinta, wanda dama shi ya fi yawan mutuwa a irinsu.

Wajen tura fayil kuwa SD2IEC ce ta fisshe ni. Ita ke maye gurbin na'urar faifai ta 1541: ka zuba fayilolin D64, wato kwafin faya-fayan, a katin SD, ka buɗe wanda kake so, ka buga LOAD"*",8,1, sannan ka yi haƙuri, don tana da nawa sosai. Wasu wasannin ma sun ƙi tashi, sai da 1541 ta ainihi. Mai ita a ajiye, don Allah ya yi min magana.