Injin da ya yi wata takwas a jingine

Ina shekarata ta biyu da fara koyon gyaran injin jirgin ruwa a bakin kogi a Yawuri, wani dattijo ɗan fito ya kawo mana Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya jingine shi a zaure ya koma filafili, har wata takwas. Da ya samu ɗan hali ya ɗauko shi, inji ya ce bai san zancen ba.

Maigidana ba ya nan. Na kafa injin a durom ɗin ruwa, na yi ta jan igiya har kafaɗata ta sage, sai na ɗauko sifana zan kwance kafireto. Daidai nan ya iso.

"Ka tambayi Baba da wane mai ya ajiye shi?"

Ban tambaya ba. Muka buɗe tanki, wani wari kamar na tsohon fenti ya bugo mu. Man ya koma kalar shayi, ga ruwa kwance a ƙasa. Fetur idan ya daɗe, ɓangarensa mai saurin kamawa yakan bi iska, abin da ya saura ya zama danƙo ya like hanyoyi. Da na wanke kafireto na mayar masa da wannan man, aikin baban giwa ne na yi.

Ranar ya sa ni bin abu daki-daki, daga mai sauƙi. Makullin igiyar nan da direba ke ɗaurawa a hannu yana wurinsa? Giya tana firi? An sassauta ƙofar iska ta murfin tanki? Sannan na matsa robar famfon da ke jikin tiyo, ta ƙi yin tauri saboda tiyon ya tsage yana shan iska. Filogi biyun sun yi baƙi, amma da aka goge suka ba da wuta shuɗiya. Sai bayan duk wannan ya bar ni na taɓa kafireto. Na ɗaga ƙaramin jet ɗin, wato ɗan ƙarfen nan mai siririn ramin da mai ke bi, na saita shi da rana, ko ɗigon haske babu. Na kai hannu ga allura, ya riƙe ni: ƙarfe yana faɗaɗa ramin, daga nan inji ya dinga zuƙar mai. Jiƙawa muka yi, muka hura da iska.

Aka haɗa sabon mai, lita 25 na fetur da rabin lita na man 2T, wato man inji da ake gaurayawa da fetur. Ja na uku ya kama.

Ni ina murna, shi kuwa idonsa na kan ɗan ramin da ruwan sanyaya inji ke tsartowa. Babu ko ɗigo. Nan take ya kashe. Zanzaro ya yi gini a ramin. Muka tsokale, ruwan ya zo a wahalce. Da muka sauke ƙafar injin, robar famfon ruwa ta bushe ta lanƙwashe, fukafukai biyu sun karye. Sai da muka nemo gutsattsarin duka, don guda ɗaya in ya maƙale a hanyar ruwa ya isa ya ƙona inji.

Wannan ya fi komai tsaya min a rai. Injin da zai tashi lafiya a gaɓa, ya ɗauki zafi ya mutu a tsakiyar tafkin Kainji da mata da yara da buhuna ranar kasuwa, gara ma a ce bai tashi ba tun farko.

Baba ya ce kuɗinsa ba za su kai sabuwar roba ba, a mayar da tsohuwar.

"Baba, ba zan mayar ba," in ji maigidana. "Ɗauki sabuwa, ka biya in ka yi lodi."

Ni ya sa na yi masa bayanin ajiya: ya zare tiyo inji na aiki har man kafireto ya ƙare, ya juye tanki, ya ɗiga mai a ramin filogi, ya ajiye shi a tsaye a lulluɓe. Bayan kasuwa biyu Baba ya dawo da kuɗin, da busasshen kifi a leda.