Santa tebur mai ƙafa ɗaya, aikin yana gindi

Cikin duk kayan da muke haɗawa a shagonmu nan Kaduna babu wanda ake min tambaya a kansa kamar santa tebur ɗin nan mai ƙafa ɗaya a tsakiya, wanda gindinsa ya buɗe a ƙasa kamar bakin algaita sannan ya tsuke yana hawa sama. Wasu sun ɗauka sabon yayi ne daga Dubai ko Turkiyya, alhali tun kafin Najeriya ta samu 'yancin kai yake. Wani mai zanen gine-gine ne, Eero Saarinen, haifaffen Finland da ya tashi a Amurka, ya zana shi wa kamfanin Knoll, ya shigo kasuwa wajen 1957. Shi ne ma ya zana ginin kamfanin jiragen sama na TWA a filin jirgin saman New York. Abin da ya dame shi wai tarin ƙafafun tebura da kujeru da ke cunkushe ɗaki, sai ya mayar da huɗu ta koma ɗaya. Na asalin gindinsa zubin alminiyam ne, samansa mabul ɗin Italiya ko katako, an fere bakin ta ƙasa yadda in ka kalle shi daga gefe za ka ga kamar ba shi da kauri.

To nan fa aikin yake, tebur mai ƙafa huɗu ko yaron shago zai tsayar da shi, amma mai ƙafa ɗaya in gindin bai yi nauyi da faɗin da ya dace da saman ba, yaro na dafa gefe sai dai ka ji shayi a ƙasa. Mu a Panteka, kasuwar maƙera ta nan Kaduna, muke kai samfurin katako a zuba mana gindin a cikin yashi, yadda ake zubin tukwane. In ya dawo duk ƙuraje ne da 'yan ramuka, sai mu zauna gurza, a cike ramukan, a bi da sanfefa mai kaushi har a sauko kan mai laushi kafin a fesa fenti. A ciki akwai rodi da ya ratsa har sama ya kama farantin ƙarfen da ke riƙe saman.

Maigidana da ya koya min aiki, Allah Ya jiƙansa, ba ya duba irin wannan lanƙwasa da ido. Rufe ido yake ya bi ta da tafin hannu tun daga ƙasa, inda duk hannun ya ɗan tsaya sai ya ɗiga alli ya miƙo maka sanfefa, ko kallonka ba zai yi ba. Har yau haka nake wa yarana, suna ta ƙunƙuni.

Saman kuwa in ba mabul ba ne madaci ko iroko muke sawa, kuma sai katakon ya sha hunturu a shago kafin zarto ya taɓa shi, don ɗanyen katako da iskar hunturu ta buge shi zai tsage ko ya karkace.

Abin da ke ci min rai shi ne Hajiya ta zo ta shafa tebur ta yaba, ta ji kuɗi sai ta ciro waya ta nuna min hoto wai ga irinsa can rabin kuɗi. Hajiya ai a hoto duk ɗaya ne. Wancan gindin roba ne holoƙo, saman kuma garin katako aka manna wa leda mai zanen mabul, ruwa na shiga bakin zai kumbura, an sha kawo mana irinsu gyara kuma wallahi babu abin gyarawa a jiki. Ni dai cewa nake ki sa hannu ɗaya ki gwada ɗaga nawa, ki danna gefensa da ƙarfinki, sai mu yi maganar ragi.

Mai so ya zo da awon falonsa da tsayin kujerunsa, da shi muke yanke faɗin saman.