Wasiƙa daga Amurka: lasin tuƙi da idon alƙali

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ina rubuto muku ne daga Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, garin da 'yan Nijar suka daɗe da yin kaka-gida a cikinsa. Wani ƙanena ne ya turo mini saƙon murya a kan REAL ID, dokar Amurka ta lasin tuƙi da neman mafaka da nake adawa da ita, yana cewa, "Yaya, ƙasar mutane ta kafa doka, ai bi za a yi, mene ne na surutu?" Na ga ya fi in ba shi amsa a bainar jama'a, don na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba.

A nan mota ba kayan ado ba ce. Babu kabu-kabu, babu Adaidaita Sahu. Masana'anta tana bayan gari, ana kama aiki tun kafin bas ta fito. Kuɗin da ake turo muku na cefanen azumi da na makarantar yara, yawancinsu sai da wani ya hau titi da asuba aka same su.

Dokar da nake adawa da ita sunanta REAL ID. Ɗan majalisa James Sensenbrenner na jihar Wisconsin ne ya kawo ta a 2005, da hujjar cewa maharan 11 ga Satumba 2001 sun mallaki lasin tuƙi na jihohi, alhali kuwa da biza suka shigo ƙasar. Aka cusa ta cikin kudirin kuɗin yaƙin Iraƙi da Afganistan da tallafin waɗanda tsunami ta shafa. Wane sanata ne zai ƙi kuɗin sojoji? Ta wuce Majalisar Dattawa da ƙuri'a 100 ba ko ɗaya da ta ƙi, Shugaba George W. Bush ya sa hannu ran 11 ga Mayu 2005. Sai ran 7 ga Mayu 2025 aka fara tilasta ta a filayen jirgin sama. Ita ce ta ɗaure lasi da takardar zama: in kana son lasi mai tauraro wanda gwamnatin tarayya ke karɓa, sai ka nuna izinin zamanka.

Hana mutum lasi ba ya hana shi tuƙi, tunda ciki ba ya jiran takarda. Zai hau titi ba gwaji, ba inshora, ranar da ya yi karo da wani kuma tsoro ya sa shi ya cika wandonsa da iska. New York ta gane haka a 2019, Minnesota ta bi sahu a 2023, suna ba kowa lasi marar tauraro in ya ci jarrabawa, ko da ba shi da takardar zama. Florida kuwa a 2023 ɗin gwamnanta Ron DeSantis ya sa hannu a dokar da ta ce irin lasin da Connecticut da Delaware ke ba marasa takarda ba ya aiki a titunanta.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɓangaren neman mafaka. Dokar ta ba alƙalin shige da fice damar auna gaskiyarka da yanayin zamanka da yadda kake amsa tambaya, da duk wani saɓani a maganarka ko da bai taɓa zuciyar ƙarar ba. Ku duba mu. An raine mu a kan cewa yaro ba ya ƙura wa babba ido. Bahaushe ya shiga gaban alƙali ya sunkuyar da kai don ladabi, alƙalin ya ga mai ɓoye wani abu. Matar da aka ci zarafinta, kunya ta hana ta faɗa a zaman farko, ta faɗa a na biyu, sai a ce labari ya sauya. Dattijon da ke lissafin kwanaki da damina da watan azumi, a tambaye shi ranar da aka ƙona gidansa, ya ce Yuni a takarda ya ce Yuli a baki ta hannun tafinta, shi ke nan an samu makama. Na taɓa raka wani bawan Allah wajen lauyansa, rabin zaman koya masa kallon idon mutum aka yi, yana yi yana jin nauyi.

Alƙali kuma yana iya neman shaidar takarda ko da ya yarda da maganarka. Wanda ya tsere cikin dare, wa ya tsaya karɓar rahoton 'yan sanda? Ga kuma wa'adin shekara ɗaya na shigar da ƙarar neman mafaka da wata dokar shige da fice ta 1996 ta gindaya, wanda da yawa ba sa jin labarinsa sai ya wuce.

Mu nan da muka samu ƙuri'a muna kiran ofisoshin wakilanmu, muna halartar taro. Ku kuma ga roƙona: in ɗan uwanku ya nemi takardar asibiti ko ta haihuwa ko hoton gidan da aka ƙona, ku aiko da ta gaske, kar ku bari wani ya haɗa ta a shagon kwamfuta. In alƙali ya tabbatar an ƙirƙiri ƙarya da gangan, ƙofar takan rufe har abada.

A gaishe da iyaye da yara.

Naku,
Ɗan uwanku a Greensboro